Kumburin Ɗan Gayu

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya baƙunta? Mu nan lafiya lau, in ban da kifinki.

Na zaɓi rubuto miki ne domin duk ranar da na kira ki, kafin in kai tsakiyar magana sai ki ce za ki shiga aji. Takarda dai ba ki da yadda za ki katse ta.

Ɗan Gayu ba shi da lafiya. Tun shekaranjiya cikinsa ya kumbura, yana yawo a saman ruwa a karkace, in ya yunƙura zai nutse sai ya sake tasowa. Ranar da za ki tafi kin ce abincinsa ƙwaya biyar da safe, ba ƙari. Wallahi ƙirga su nake yi a tafin hannuna, da gilashin idona.

Na je shagon mutumin da ya sayar miki da shi. Ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba, ya ce kifi in ya fara kifewa sai a zubar. Na ce masa lokacin da yake yi miki daɗin baki ai bai faɗi haka ba. Na dawo raina a ɓace, na tarar da Gwaggonki a falo. Ta leƙa akwatin gilashin, ta yi ta dariya, wai mace mai jikoki shida tana jinyar abin da bai kai loma ɗaya ba. Da za ta tafi, ko ƙofa ban raka ta ba.

Babanki kuwa yana zaune yana kallonmu.

Ki kula da kanki. Allah ya yi miki albarka.

Ummanki

Auta,

Ina gaishe ki, da fatan murar da kika ce ta dame ki ta sake ki. Ki riƙa rufe jikinki.

Yau raina ya fi na rannan ɓaci, kuma wannan karon har da ke a ciki.

Malamar kimiyya da ke saman bene ta sauko ta duba shi. Ta ce ci ne ya yi masa yawa. A hana shi abinci kwana uku, a riƙa kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan, a zuba wanda ya kwana a bokiti, kuma kada sabulu ya taɓa gilashin. Na ji haushi, na ce mata ni ban taɓa wuce biyar ba. Sai ta sa cokali ta tona tsakuwar ƙasa, ta ɗago min ɓarɓashin burodi da ya ruɓe. Ni kuwa ban taɓa zuba masa burodi ba.

Washegari na ɗora ruwan shayi, na dawo falo ɗaukar ashana. Sai ga Babanki zaune a kan ƙaramar kujera gaban akwatin, ya ciro burodi daga aljihu yana marmasawa a ruwan. Bai ji shigowata ba. Na ji yana cewa, “Ci abinka. Kai ma ta tafi ta bar ka.”

Na yi masa faɗan da ban taɓa yi masa ba a shekara talatin da huɗu. Na ce yana kallo ina yawon shaguna, ƙanwarsa tana yi min dariya, alhali ya san abin da yake zubawa. Ya sunkuyar da kai, ya ce shi gani ya yi kifin yana yawan kallon ƙofa. Ashe wata huɗu ke nan kullum yana yin haka.

Wata huɗu, Auta. Daidai da kwanakin da kika yi ba ki gaishe shi ba. Na sani, ya yi kuskure da ya ce in kin tafi makarantar nan mai nisa kada ki sake nemansa. Na faɗa masa a ranar, na kuma faɗa masa jiya. Amma ke ba ki san halin ubanki ba ne? Mutumin da ya yi shekara talatin yana tuƙa bas ba a taɓa jin ya ce ya ɓata hanya ba, shi kike jira ya fara ba ki haƙuri? Kina kirana kina tambayar kifi, ba ki taɓa cewa ina Baba ba, shi kuwa yana zaune kusa da ni ya kasa kunne.

Zan yi jinyar kifinki. Wancan majinyacin kuwa naki ne. Ki rubuto masa.

Ummanki

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Yayyenki duka suna gaishe ki.

Ɗan Gayu ya miƙe. A kwana na biyar cikin ya sace, ya nutse har ƙasa yana tonon tsakuwa kamar ba shi ba. Bayana ne bai warke ba, saboda ɗaukar bokiti.

Takardarki ta iso ranar Litinin. Babanki ya karanta ta a tsaye, sau biyu, ya ninke ya sa a aljihun gaba. Abin da ya ce kawai shi ne har yanzu rubutunki bai gyaru ba. Daga nan ya shige ɗaki ya daɗe, ni kuma ban bi shi ba.

Wannan takardar shi zai kawo miki da hannunsa ranar Asabar. Wai yana so ya ga yadda aka gyara hanyar ne. Tun Laraba ya sa aka goge masa riga. Kada ki tayar da tsohuwar magana, ki ba shi abinci, ki nuna masa ajinku.

Abin da ya ƙona min rai shi ne ɗazu da ya kira ni gaban akwatin, ya tsayar da ni yana koya min yadda zan kula da kifin kwana biyun da ba ya nan. Mutumin da ya kusa kashe shi. Har da ɗaga min yatsa, wai kada in kuskura in wuce ƙwaya biyar.

Na ce to.

Ummanki