Mahaifar Rahina

Gaya, ran Lahadi

Ƙanwata Rahina,

Assalamu alaikum. Ya ƙarfin jiki, ya jinjira? Ina gaida maigidanki Latifu da mutanen gida duka.

Tunda ba ki ɗaukar wayata, na ba Sa'adu mai jirgin fito wannan takarda ya ƙetaro miki da ita. Tun da aka sallamo ki daga likita ban ji muryarki ba. Na share ɗakin marigayiya Inna, na tara itacen wanka, sai na ji wai a Malanville za ki yi jego, a hannun uwar miji. Haihuwar fari, Rahina? Ni na goye ki. In laifi na yi, faɗa mini shi.

Allah ƙara sauƙi.
Yayarki Balkisu

Malanville, ran Alhamis

Yaya,

Wa alaikumus salam. Jiki da sauƙi, yarinya tana shan nono.

Kin ce in faɗa, to ga shi. Ranar da na koma cire zare ne ungozoma ta ce mini, tana wanke hannu, ai ni da haihuwa sai a lahira, an fidda mahaifar gaba ɗaya. Ta ɗauka na sani. Kowa ya sani, har masu albasa a kasuwa, ban da mai cikin.

Na tambayi maigida. Ya ce shi yana waje neman jini, ke kika dangwala yatsa a takardar lokotoro, likitan da ya yi mini aikin. Ke mai ɗiya shida, Yaya. Shekarata ashirin da biyu. Da kin bari an dakata ya dawo, wataƙila da an sami wata dabara. Yanzu uwarsa in ta ɗauki yarinyar sai ta ce, "Ke ce fari, ke ce auta," tana kallona. Shi kuwa a shago yake cin abinci.

Ba zan zo Gaya ba. Ki gaida yara.

Rahina

Gaya, ran Asabar

Rahina,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Na so in mutu da wannan magana a cikina, amma ba zan ɗauki kayan wani a kaina ba.

I, yatsana ne. Bayan yarinya ta faɗo, jini ya tsinke miki, zane bayan zane, har leɓenki ya yi fari. Lokotoro ya fito ya ce sun yi duk abin da suka iya, mahaifa ta ƙi tsukewa, ko a cire ta ko a rasa ki. Latifu bai je ko'ina ba. Yana tsaye gabana, makullin babur a hannunsa. Aka miƙa masa takarda, ya maida hannu baya.

Na ce, "Latifu, tana mutuwa."

Ya ce, "A bar wa Allah. In an cire, me ya rage mini?"

Lokotoro ya ce, "Akwai wani nata a nan?" Na ce akwai. Jinin da aka ƙara miki kuwa, nawa ne da na wani mai kabu-kabu da ko sunansa ban sani ba.

Na riga na wanke gawar Inna, ban yarda in wanke taki ba. Ko gobe aka sake miƙo mini takardar, zan dangwala. Ki yi fushi da ni yadda kike so, mai rai ke fushi.

Allah raya mana ɗiya.
Yayarki Balkisu

Malanville, ran Talata

Yaya,

Ina gaishe ki. Na maimaita masa maganarsa yadda kika rubuta ta. Bai musa ba. Ya ce ruɗewa ce, ya ɗauki yarinyar ya yi ta jijjiga ta.

Ina nan gidansa, yarinya tana bukatar uba. Ki daure kar ki zo tukuna. Shi ina iya kallonsa. Ke ce ban iya haɗa ido da ke, don a gabanki ya faɗa.

Allah saka miki.
Ƙanwarki Rahina