Gyara na Takwas

Ya sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan sama na farko a kan busasshiyar zuciyata,

Wata bakwai ke nan da rasuwarka, har yau kofinka yana gefen kwamfutarka. Wa zan kai wa ƙara in ba kai ba?

Ka tuna ranar da nake wanke-wanke kana yi mini bayanin kanel? Ka ce ita ce zuciyar kwamfuta, tana raba wa kowa aiki ba a ganinta, kamar ni a gidan nan. Na watsa maka ruwan kumfa, ka yi ta dariya. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma na gane mutanen duniya ne suke haɗuwa su gina ta kyauta, kai kuma kana gyara abin da ke hana tsofaffin kwamfutoci farkawa in sun yi barci. Sau bakwai kana turawa, sau bakwai masu dubawa suna dawo maka da shi.

To, abokin aikinka Dakta ya zo. Shi dai, wanda yake kiran aikinka wahalar banza a gaban ɗalibai! Bai zauna minti goma wurin gaisuwarka ba, amma da ya zo watan jiya ya shanye shayi kofi biyu, yana ta “Madam, Madam” kamar bakinsa zai zubo da zuma. Wai ɗalibinsa ɗan gaban goshi ya rasa abin da zai yi aikin kammala digiri a kai, in ba su kwamfutar, su goge sunanka su sa na yaron, tunda kai ba ka da buƙata yanzu. Ji rashin kunya! Mutumin da in injin buga takarda ya tsaya sai ya aiko a kira ka! Na ɗauke kofin daga gabansa, na buɗe masa ƙofa.

Ka san ɗalibar da Daktan ya mayar wa da batun aikin digiri har uku a zangon nan, ya ce mace ba ta iya irin wannan aiki? Autarmu. Ita na ba kwamfutar, da sharaɗi ɗaya: sunanka a sama, nata a ƙasa. Ta tarar da saƙon wani mai dubawa da ba ka samu amsawa ba, yana cewa suna jiran na takwas. Ta canza malami, aka amince mata da batun.

Yau da hantsi ta gwada gyaranta a tsohuwar kwamfutar nan mai tsagaggen murfi. Ta rufe, ta buɗe. Masoyina, kwamfutar ta farka! Auta ta yi ihu, ni kuwa na shige kicin na yi kukana, don na san wanda ya kamata ya fara gani.

Gobe za ta tura. Ko sun dawo da shi sau ashirin, muddin ina numfashi ba mai taɓa sunanka. Allah Ya haskaka makwancinka.

Taka jiya, taka yau, taka har mu haɗu,
Maman Auta