Irin da Ke Rataye a Madafa

Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya. Malamin makaranta ne ke rubuta mini, don haka ba zan yi miki faɗa a gaban baƙo ba. Murhun ƙungiyarku ya iso. Itace uku ya ishe shi, hayaƙi babu, idona ya daina hawaye. Maƙwabciyata ta bi ɗanta birni, layinmu yanzu ni ce da akuya, ita kuwa ba ta iya hira ba.

Allah ya yi miki albarka.
Innarki

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa. Na ji daɗi ƙwarai. A ofis an ce gidanki ne abin misali. Don Allah malam ya ɗauki hotonki kusa da murhun, za mu sa a rahoto.

Taki,
Auta

Auta,

Ina gaisuwa. Hoto ya jira tukuna. Jiya na sauko da damman geron iri da ke rataye a rufin madafa, na mahaifinki, mai nuna ko da ruwa ya ɗauke da wuri. Ƙwari sun mai da shi gari. Ashe hayaƙin da muka kora ne ke tsaronsa shekara talatin. Ni ban tuna ba, ku ba ku tambaya ba. Ga hadari ya fara haɗuwa. Na zagaya gari, masu irinsa duk sun tashi. Raina ya ɓaci sosai.

Ki huta lafiya.
Innarki

Inna,

Na gaishe ki. Tun da na karanta na kasa cin abinci, ki yafe mini. Zan aiko da ingantaccen iri, sai dai yana son taki. Ko ki bar gonar bana, ki dawo wurina, ɗakin ya ishe mu.

Taki,
Auta

Auta,

Na amsa gaisuwa, na kuma yafe. Na baza garin a faifai a ƙofar gida, na tsinci ƙwayoyin geron da suka tsira ɗaya-ɗaya, suka cika tafin hannu. Na shuka kunya biyu, don haka ba inda za ni. Ba asarar irin ce ta fi ci mini rai ba. Kwana uku ina tsinta a bakin hanya, ba wanda ya wuce balle ya tambaye ni me nake nema.

A gai da mutanen ofis.
Innarki