Sunan da Hannah Ta Ƙi Saki

Gonar Birkrigg, Swaledale
16 ga Yuni

Zuwa ga ƙanena Lionel,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Noreen da yara da jikoki gaba ɗaya. Yaya gwiwar taka? Noreen ta rubuto cewa likita ya hana ka hawa tsani, ka kuwa ƙi ji. Ka ji tsoron Allah, Lionel, shekara saba'in da huɗu ba ta hawan rufi ba ce. Na san yanzu ku a Tasmania sanyi ne ke shigo muku, mu kuwa nan rana ta buɗe, ciyawa ta kai gwiwa, iyalan Alderson da ke riƙe mana tumaki suna shirin yanka. Ni lafiyata ƙalau, sai idanu da ke neman sabon tabarau. Ka yi haƙuri da shirun da na yi tun Kirsimeti. A lokacin ba ni da abin faɗa sai na baƙin ciki, ban so in ɗora maka ba. Yanzu kuwa labarin ya cika min baki, don haka ka nemi wuri ka zauna.

Ka san Yaya Cuthbert ya samu shanyewar ɓarin jiki a watan Oktoba, hannun dama da ƙafar dama. Abin da ban gaya maka ba shi ne, da aka sallamo shi gida ya juya fuska bango. Matar da asibiti ke turowa don ta koya masa motsa jiki, duk zuwanta sai ya ce ta je ta motsa kakanta. Abinci cokali biyu. In na yi masa magana sai ya ce wa zai tashi domin sa? Ɗansa Martin yana kabari shekara goma sha tara, ni tsohuwar da ba ta yi aure ba, kai kuma 'ya'ya mata uku da suka ɗauki sunan mazajensu. Wai in an binne mu ukun nan, sunan Kelderby ya bar duniya, to gara a yi a gama. A farkon Janairu likita ta ja ni gefe ta ce in bai fara miƙewa ba kafin bikin Ista, ƙafar ba za ta sake ɗaukarsa ba, kuma dole a kai shi gidan kula da tsofaffi. Mutumin da aka haifa a ɗakin saman gidan nan, Lionel. Na san in ya fita ƙofar nan a mota, ba zai yi wata biyu ba.

Haushi ne ya kai ni laburaren garin Richmond, ba son ilimi ba. Na ce sai na nemo masa wasu Kelderby ko a ƙarƙashin dutse suke, ya daina yi min wannan waƙa. Shekara talatin na yi ina rarraba wasiƙu a gidan waya, tsofaffin takardu ba sa ba ni tsoro. Wata ma'aikaciya mai haƙuri ta koya min duba ƙidayar jama'a ta da a kwamfuta, na sayi babbar taswirar Ingila na shimfiɗa a teburin kicin, ina soka allura a duk inda na samu namu. A ƙidayar 1841 na samu mutum hamsin da takwas, dukansu a cikin kwarin nan, babu wanda ya fi tafiyar rabin yini daga ƙofarmu. Masu haƙar dalma ne da makiyaya. A ta 1881 sun kai ɗari da talatin da ɗaya, amma ramukan dalma sun fara mutuwa, mutane sun watse: wasu masaƙun Burnley, wasu ramukan kwal na Durham, gida biyu sun haye Amurka ban sake jin ɗuriyarsu ba. Yaƙin Duniya na Farko ya ci mana samari tara, uku ɗaki ɗaya. Daga nan sai raguwa. Gida ya haifi mata zalla, gida ya ƙare babu haihuwa. Kowane mako ina cire allurai maimakon in ƙara. Har na fara ɓoye taswirar in zan tura Yaya a keken guragu ta kicin, don kada ya ga gaskiyarsa ce ta fito.

Wuri ɗaya ne ya ƙi bin sahu, shi ne Hull, garin masunta da ke bakin teku. Ka tuna in wani ya ce ya ga sunanmu a jikin motar kifi daga can, Baba sai ya ɗaure fuska ya ce waɗannan ba namu ba ne, kada a sake tayar da zancen? Saboda haka ma ban ƙirga su da farko ba. Da na rasa abin yi sai na duba. A 1881 mutum biyu ne kacal a Hull: Hannah Kelderby, shekara ashirin da ɗaya, mai saƙa ragar kamun kifi, da jaririnta Joseph. A gurbin wurin haihuwarta an rubuta Swaledale, kwarinmu. A 1921 sun zama goma sha tara. Yau, a iya abin da na iya ƙirgawa, masu sunan nan a Ingila hamsin da biyu ne: ni da Yaya, tsofaffi uku a Burnley, sauran arba'in da bakwai duk a Hull da kewayenta.

Na nemo rajistar baftisma, na samu Joseph a Nuwamban 1880, gurbin uba babu komai. Sai na hau sama na sauko da babban Littafi Mai Tsarki na gida, wanda ake rubuta haihuwa a shafinsa na farko. Ka tuna wurin nan da takardar ta yi laushi, a saman sunan Kaka William, da Mama ke ce mana ɗanshi ne ya ci? Ba ɗanshi ba ne. Na ɗaga shafin a hasken taga, kankarewa aka yi da wuƙa, har ana iya ganin ƙafafun harafin farko, H ne. Hannah yayar kakanmu ce. Ta yi ciki ba aure, ubanta mai wa'azi a coci ya kore ta, ya kuma goge ta. Na daɗe zaune da littafin a cinya. Shekara saba'in da takwas ina goge masa ƙura ban sani ba.

Na rubuta wa wani Royston Kelderby da na samu adireshinsa, na faɗi ko ni wace ce da abin da na gano. Mako uku shiru. Ranar wata Talata da hantsi waya ta yi ƙara, na ji murya kamar ana jan buhun tsakuwa. Bai ko gaishe ni ba. Ya ce shi jikan Joseph ne, shekara arba'in ya yi a kasuwar kifi, kuma ba sai wata 'yar tudu ta gaya musu daga inda suka fito ba, sun sani sarai. Babansa ya tashi a gaban Hannah. Ita da bakinta ta ba shi labarin yadda ta taka daga nan har Richmond a ƙafa, da jariri ɗan wata ɗaya a cikin mayafi, ƙaninta William yana bin ta yana kuka har gada, aka zo aka janye shi. Daga baya ta auri wani matuƙin jirgin ruwa, mutumin kirki, ya so ya ba yaron sunansa, ta ce a'a. Wai sun karɓe mata gida da coci da uwa, amma sunan nan da shi aka haife ta, ta ga wanda zai zo Hull ya ƙwace. Joseph ya haifi maza shida, teku ta ci biyu, sauran suka cika unguwa. Royston ya ce shi ba ya sha'awar shan shayi da zuriyar masu korar mai jego, amma yana so ya ga ƙofar da aka rufe mata, ko sau ɗaya. Na ce ƙofar tana nan, ba a canja ta ba, ya zo.

Da na gaya wa Yaya, sai da na yi da-na-sani. Ya ce Baba ya ce ba namu ba ne, magana ta ƙare, kada in shigo masa da masu ƙarnin kifi gida. Na ajiye masa littafin a kan gado, buɗe a shafin, na fita.

Sun zo ranar Asabar ta biyu a Maris, ana tsakiyar haihuwar tumaki, Royston da 'yarsa Gemma wadda ke tuƙa motar bas. Ya tsaya a tsakar gida da hula a hannu yana kallon ƙofar, ya ƙi matsowa. Lionel, da na ga mutumin nan take na gane jininmu ne. Kunnuwan gidanmu ne sak, irin naka da na Baba, a buɗe kamar mariƙin kofi. Yaya yana leƙe ta tagar ɗakinsa na ƙasa, ashe shi ma ya gani. Sai na ji yana buga sanda yana kira na, wai in shigo da mutumin nan kafin iska ta kama kunnuwan ta yi sama da shi. Royston ya ji, ya ɗaga murya ya ce ai ya ga na mai maganar ta gilashi, in ana neman abin shanya wanki ba sai an zo Hull ba. Gemma ta fashe da dariya, ta tura ubanta ciki.

Na kawo shayi da kek da cuku, Royston ya sha kofi uku duk da rantsuwarsa. Sun yi musu a kan ko tumaki sun fi kifi wauta, kowa ya tsaya wa nasa. Can sai Yaya ya ce in miƙo littafin. Ya nuna wa Royston wurin da aka kankare. Ya ce shi bai san Hannah ba, amma ya san Kaka William, kuma sai yanzu ya gane abin da ya sa tsohon ba ya taɓa ƙetare gadar nan sai ya cire hula. Ya ce abin da aka yi mata zalunci ne, a gidan nan aka yi shi, shi ne babba a gidan yanzu, don haka shi ke neman gafara. Royston sai murza hular yake yi. Gemma ta ciro alƙalami ta ce to a mayar da sunan mana, ga ta ga littafi. Yaya ya ce ko kusa. Namijin gidan nan ne ya goge da hannun damansa, namijin gidan nan zai mayar da hannun damansa. Dukanmu muka kalli hannun, yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Royston ya ce to Allah ya ba mu tsawon rai. Yaya ya ce ya dawo kafin a yanka ciyawa ya gani, ɗan bakin ruwa kawai.

Ranar Litinin matar asibiti ta zo da shirin shan zagi, ta tarar da shi a zaune ya sa riga, yana tambayar dalilin da ta makara. Mako goma sha uku ya yi yana fama. Ya matsa ƙwallon roba har ya yi gumi, ya tsinci wake ɗaya-ɗaya daga faranti, ya cika min bayan ambulan da harafin farko na sunan Hannah, wasu kamar tsani, wasu kamar ƙofar garke. Akwai ranar da ya yi jifa da alƙalamin ya yi kuka, na ɗauko na mayar masa. Matar ta ce hannu ba ya tafiya shi kaɗai, sai da ƙafa, ya yarda. Kafin Ista ya miƙe da sanduna biyu, likita ta daina zancen gidan tsofaffi. Royston kuma duk Lahadi sai ya bugo waya, wai yana tambaya ko a aiko wa tsoho da ɗan makaranta ya rubuta masa.

Lahadin da ta wuce suka dawo, mota huɗu, mutum goma sha bakwai, da sanho cike da kifi mai hayaƙi. Ban san kicin ɗinmu na iya ɗaukar hayaniya haka ba tun muna yara. Yaya ya zauna a gaban tebur, na buɗe masa littafin. Minti shida ya ɗauka. Ya rubuta Hannah, 1860, a ƙasa kuma Joseph ɗanta, 1880. Rubutun ya karkace, ya gangara kamar zai faɗo daga shafin, amma ana karantawa. Royston ya sa tabarau ya duba, ya ce ya ga kaza ta yi wanda ya fi wannan da ƙafa, sannan ya fita waje ya daɗe a bakin garke yana fyace hanci. Ni dai godiya nake yi wa Allah, da matar asibitin nan da ta jure, da mutanen Hull da suka zo alhali ba dole. Na kuma gode wa Hannah. Yarinyar da aka kora daga gidan nan ita ce ta tayar min da yayana daga gado.

Yanzu ga saƙo. Za su sake zuwa gaba ɗayansu ranar Asabar ta ƙarshe a Agusta, na Burnley ma sun ce za su lallaɓo. Yaya ya ce in gaya maka shekara goma sha ɗaya rabonka da gida, in gwiwarka na iya hawa tsani to tana iya hawa jirgi, kuma da ƙafarsa zai tako har bakin titi ya tarye ka. Jiya ya kai rabin hanya. Sannan ka aiko min da cikakkun sunayen 'ya'yanka da jikoki da ranakun haihuwarsu, kowa da kowa, ko sunan wa suke amsawa yanzu. Na yi wata shida ina ƙirga masu suna kaɗai, ina tsallake 'ya'yanmu mata da aka aurar kamar ba a haife su ba. Na daina. Akwai sauran fili a shafin, Yaya ya ce shi zai rubuta.

Ka gaishe min da Noreen da kyau, ka ce na gode da safar ulu. Ka gaida Philippa da Joanne da Bridget da mazajensu, da jikoki duka, musamman jaririyar Bridget da ban gani ba tukuna. Iyalan Alderson suna gaishe ka. Royston ma ya ce a gaida ɗan'uwansa na ƙarshen duniya, wai ka turo hoto ta gefe ya ga kunnuwan ya tabbatar.

Allah ya kiyaye ku, ya kawo ka lafiya.

Yayarka mai ƙaunarka,
Maud Kelderby