Jirgin da Ya Ɗauki Zulfa

Asawase, Kumasi
Litinin

Zuwa ga Maigida, Alfa Sumaila,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya gajiyar daji, yaya dabbobi, yaya kuma gwiwar nan da ta dame ka kafin ka tafi? Allah Ya sa ta yi sauƙi.

Na san kafin takardar nan ta shiga hannunka ka dawo garinmu Garba Akura ka tarar da ɗaki a rufe, kowa kuma ya ba ka labari yadda ya gani. Bari in fara da abin da zuciyarka ke jira: autarmu Zulfa tana da rai. Tana babban asibiti na wajen Bantama, ni kuma na sauka a gidanmu, wurin Yaya Azaratu. An ciro mata 'ya mace. Sauran labarin ina so ka ji shi daga bakina.

Ka tuna tun da ta zo goyon ciki ƙafafunta ke kumbura, muka ce nauyin cikin fari ne. Kwana biyu bayan ka kora shanu ta fara yi mini kukan ciwon kai. Ranar Alhamis da hantsi tana tsintar shinkafa a tsakar gida sai na ji faifai ya faɗi. Ko da na fito tana ƙasa tana jijjiga, ta datse harshenta. Muka ɗauke ta a amalanke zuwa ƙaramin asibitin garinmu. Nas ɗinmu, Sista Adwoa, ta yi mata allura abin ya lafa, amma kafin azahar ya dawo. Ta ce hawan jini ne na masu ciki, in ba a raba ta da cikin a ranar ba za a rasa uwa da abin da ke cikinta, ita kuma ba ta da kayan wannan aiki. Ga shi ruwan ranar Talata ya cinye gada, mota ba ta shiga ba ta fita.

Sai Sista ta ce akwai jirgi mai saukar ungulu da ke ɗaukar marasa lafiya daga inda hanya ba ta kai. Ta hau tudun bayan makaranta, inda waya ke kamawa, ta kira su. Suka ce za su zo, amma sai wani na Zulfa ya sa hannu a takarda, har da yardar a yi mata aiki.

Ƙaninka Basiru ya ce a dakata. Ba zan ɗauki alhakinsa ba, da hawaye ya faɗa. Ya ce ba a ɗaukar 'yar mutum a yi sama da ita uba bai sani ba, miji bai sani ba. A tura babur a nemo ka, kafin nan a ba ta rubutu. Mijinta Hafiz kuwa yana hanyar Takoradi da mota, wayarsa ba ta shiga. Na tambayi Sista ko yarinyar za ta kai gobe. Agogon hannunta kawai ta duba. Alfa, sai na karɓi biro na rubuta sunana. Shekara ashirin da shida da aurenmu ko kasuwar ƙetaren rafi ban taɓa zuwa ba sai da saninka. Ran nan na yi abin da ya fi haka, kuma da hankalina na yi.

Jirgin ya sauka a filin ƙwallo da la'asar, iskarsa ta kwashe shanyar mutane, awaki suka watse. Likita ɗaya ne a ciki da wata nas, Latifatu. Da ta ji ina salati sai ta yi mini magana da Hausarmu ta Zongo, ashe 'yar unguwar Aboabo ce, nan Kumasi. Ta zaunar da ni, ta ɗaure ni da bel, ta toshe mini kunne saboda ƙara, ta ce aikina ɗaya ne, in riƙe ƙafar 'yata kada in saki. Haka na yi. Tafiyar da muke yi kwana biyu a mota da kwalekwale, ba ta kai awa guda ba.

Muna sauka aka wuce da ita ɗakin tiyata. Jaririyar tana cikin kwalba, don ba ta cika wata takwas ba. Zulfa har yau ba ta farka ba. Ana barina in shiga sau biyu a rana in tsaya kaɗan in yi mata addu'a.

Farouk direban motar shanu ne zai kawo maka wannan, ya ce an fara cike gadar. Ka gaida Basiru da mutanen gida. Ka sa mu a addu'a.

Ni ce taka,
Rahmatu


Asawase, Kumasi
Laraba

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali baki ɗaya, yaya ruwa a wajenku? Nan kusan kullum sai an yi. Ina fatan kana samun mai dama maka fura yadda kake so.

Farouk ya dawo tun shekaranjiya. Ya ce hannu da hannu ya ba ka takarda, ka karanta a tsaye, ka ninke ka sa a aljihu, ba ka ce komai ba. Na yi ta juya wannan a raina. In fushi ne, gara ka faɗa mini in san shi, ya fi mini wannan shirun. Abin da ba zan iya ba shi ne in ce maka na yi nadama, don ƙarya zan yi.

Zulfa ta farka ranar Juma'a. Na kira sunanta ta matse mini yatsa, ta nemi ruwa. Daga nan ta tambaye ni me ya sa aka kashe fitila, alhali rana ce tsaka, taga a buɗe. Ba ta gani, Alfa. Likita ya ce jinin da ya hau ne ya taɓa inda gani yake a ƙwaƙwalwa, da yawa yakan dawo in jinin ya sauka, amma ba zai yi mini alkawari ba. Na gode masa da bai yi mini daɗin baki ba. Ita kuwa ba ta yi kuka ba sai da aka tura ta a keke zuwa ɗakin jarirai, aka sa hannunta ta ƙofar kwalba. Ta shafa kan 'yar, ta ƙirga yatsun ƙafa, sannan ta ce in faɗa mata da wa take kama. Na ce da kai, har kunnuwan. Ta yi dariya, daga baya hawaye suka biyo.

Hafiz ya iso washegarin zuwanmu. Ya durƙusa ya gaishe ni, bai tambaye ni komai a kan takardar ba. Kullum yana zaune a benci a ƙofar ɗakin mata har a kore shi.

Zongo ta canza, gidajen sama sun rufe inda muke wasa a dā, amma halin mutane yana nan. Da asuba Yaya Azaratu take zuba mini koko da ƙosai a kwano, in hau motar haya, trotro, zuwa Bantama. Matan layinmu sun raba kwanaki, wata ta kawo tuwo, wata farfesu. Tsofaffin da suka san mahaifinmu sun sa an yi wa Zulfa addu'a a masallaci, ko fuskarta ba su taɓa gani ba.

Akwai wani abu kuma. Ranar Lahadi Latifatu ta neme ni. Jirginsu ya ɗauko wata Bafulatana daga wata ruga a hayin tafki, maciji ya sare ta a ƙafa, ita kaɗai, ba a samu wanda zai biyo ta ba. Ba ta jin Twi, ba ta jin Turanci, Hausa ma sai gaisuwa. Ta ƙi ci, ta ƙi bari a taɓa ta. Latifatu ta tuna ta ji ni a jirgi ina yi wa Zulfa magana da Fulatancin da na koya wurin mahaifiyarka, Allah Ya jiƙanta. Na je na yi mata sallama da harshenta. Ka ga yadda ta juyo. Sunanta Humu, ba za ta wuce sa'ata ba. Ta ce ta ɗauka an kawo ta wata ƙasa ce inda ba za a mayar da ita ba. Yanzu in na fito daga wurin Zulfa sai in zauna da ita, in faɗa wa likitoci abin da ta ce, in faɗa mata abin da suka ce. Ƙafar ta kumbura har cinya, don sai da ta kwana huɗu a ruga ana maganin gida kafin a kai ta inda aka kira jirgi.

Wannan ma ban nemi izininka ba, amma ga shi na sanar da kai.

A gaida kowa da kowa. Ina jiran amsa, ko da baki ne ta hannun Farouk.

Taka har kullum,
Rahmatu


Asawase, Kumasi
Asabar

Zuwa ga Maigida, Alfa,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Bayan gaisuwa ta girmamawa da kewa, ina fatan kana lafiya, dabbobi ma lafiya. Mu nan alhamdu lillahi.

Saƙonka ya iso: rago, ƙwaryar man shanu, da takarda mai layi shida. Na karanta ta har na haddace. Ka ce ba fushi ba ne, kunya ce ta hana ka magana, don Zulfa ta gaya maka ciwon kai tun ranar da za ka tafi ka ce rana ce ta buge ta. Alfa, ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita na ga kumburi wata guda na ce nauyin ciki ne. In akwai laifi a rashin sani, tare muka yi shi, Allah kuma Ya rufa mana asiri. Ka daina ɗaukarsa kai kaɗai.

Ka tambaye ni ko na ji tsoro a sama. Wallahi ban sani ba. Ban leƙa taga ba sai sau ɗaya, na ga tafki kamar an shimfiɗa faranti, na mayar da idona kan ƙafar da nake riƙe da ita. Tsoron sai da na sauka ya zo, lokacin da aka rufe ƙofar tiyata hannuna ya rasa abin riƙewa.

Ga albishir. Ranar Talata ina ɓare mata lemo sai ta ce, ashe har yanzu wannan koren mayafin nake yafawa, bai isa hutu ba? Ban san lokacin da lemon ya faɗi ba. Idon dama ya buɗe sosai, na hagu tana ganin hazo-hazo, likita ya ce a ba shi lokaci. Ta je ta ga 'yarta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce gaskiyata, kunnuwan naka ne. An yanka ragon a gidan Yaya Azaratu, liman ya raɗa sunan da ka zaɓa, Nuriyya. An fito da ita daga kwalba, tana kwana a ƙirjin uwarta cikin zane, ta fara kama nono. Likitoci sun ce sai ta ƙara nauyi za a sallame mu, wataƙila mako uku. Zan zauna har lokacin in ka yarda.

Na ji daɗin abin da ka ce game da Basiru, cewa shi ya tara matasa suka cire kututture a filin ƙwallo suka cike ramuka, don Sista ta gaya musu matuƙin ya sha wuya kafin ya sami wurin sauka. Ka ce masa na gode, ban kuma riƙe shi da komai ba.

Sai labarin da ba na daɗi ba. Humu ta rasu ranar Alhamis da rana. Dafin ya riga ya lalata mata ƙoda tun kafin a kawo ta; likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, ni shaida ce. Ina riƙe da hannunta na laƙƙana mata kalmar shahada, ta kuma faɗa. An nemi danginta ta waya ba a samu ba. Da na kawo maganar nan Zongo, kafin la'asar sarkin Fulanin Zongo ya aiko mutane, mata suka ɗinka likkafani, ni da Yaya Azaratu muka yi mata wanka. Sahu uku aka yi a sallarta. An binne ta a maƙabartar Musulmi ta Tafo, Hafiz ya kafa alama ya rubuta sunanta.

Ga roƙona. Ta ce rugarsu tana hayin tafki, kusa da mashayar da ake kira Bakin Gawo, sunan mijinta Jauro Buuba, tana da 'ya'ya mata biyu da ba a aurar ba. Kai ka san waɗannan hanyoyi. Don Allah ka je da kanka, kada ka aika. Na sa 'yan kunnenta da munduwarta a cikin ƙullin da Farouk zai ba ka, ta ce babbar ta ɗauki munduwa, ƙaramar 'yan kunne. Ka gaya musu ranar da ta rasu da inda take kwance. Ka gaya musu ta ci abinci, an yi mata kitso, kuma har ƙarshe da harshenta ake yi mata magana.

Yaya Azaratu tana gaishe ka. Zulfa ta ce a gaida Baba, a ce masa ya riƙa shafa wa gwiwar magani. Allah Ya tsare hanya, Ya sada mu da alheri.

Wassalam, ni ce matarka,
Rahmatu