Inda Ka Tsayar Da Faifan

Zuwa ga Baban Nana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai cewa jiya na fita takaba. Matanmu na nan Lyon sun zo, an yi addu'a, an ci tuwo, an watse. Ni kuwa hankalina yana kan motarka da ke ƙasan benenmu, inda ka ajiye ta ranar da ka ce ƙirjinka ya yi nauyi.

Ka tuna faifan mawaƙin nan ɗan Brazil da ka sayo a unguwar Barbès ta Paris? An san shi da gangunan garinsu, kwatsam ya fito da kiɗan zamani. Gidajen rediyo suka yi ta sa shi, jaridu kuwa suka yi masa ca, wai ya sayar da gadonsa. Har abokinka Alhaji Mamman ya bugo daga Paris don ya tsokane ka. Ka ce masa, "Ku kasa kunne, gangar tana nan a ƙarƙashi. Mu ma ai a Damagaram cewa ake mun zama Nasara."

Ni ma ban raga maka ba. Ko kalma ɗaya ta yarensu ba ka sani ba, amma kana tuƙi kana binsa da wannan murya taka mai korar kaji. Kullum sai na ce ka rage, kada 'yan unguwa su ce Malam ya zautu.

Nana ce ta gaya mini rediyon motar yana riƙe daidai inda aka kashe faifai, muddin batir bai mutu ba. Sai na hana kowa ta da ita, don da an murɗa makulli waƙar za ta ci gaba ba da ni ba. Ga sanyin unguwarmu Vaulx-en-Velin yana cin batir, ga ni mai takaba, ba fita, ba kiɗa. Tsoro na ji ƙwarai, kada in rasa wurin da ka tsaya.

Yau da safe na sauka. Na zauna a kujerarka, na yi bismillah, na murɗa. Da ƙyar ta tashi, sai waƙar ta faɗo daga tsakiya. Na kasa kunne yadda ka ce. Gangar tana nan, Baban Nana. Gaskiyarka ce, ga shi ba ka kusa balle ka yi mini dariya.

Na ƙara murya, 'yan unguwa su faɗi abin da za su faɗa. Da ta ƙare ta gaba ta shigo, wadda ba ka kai ba ran nan. Ita na saurara ni kaɗai, ina kuka.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya haɗa mu a Aljanna.

Taka har kullum,
Maman Nana