Mutumin da Ke Cikin Idon Maraƙi

Zuwa ga Baban Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai muna nan lafiya, ni da Hajara da Inna. Damina ta yi kyau a Kontagora bana, an yanke gero, masara ma ta yi. Na kuma sayi sabuwar kwamfuta. A kanta nake buga maka wannan takarda, don na san da kana nan, sai ka fara tambayar wace iri ce kafin ka tambayi yadda na baro Kaduna.

Har yau bakina bai iya kiran sunanka ba. A ofis, in aka ba ni takardar da sunan yake ciki, yatsuna su buga, ni kuwa in kau da kai. Saboda haka ka yi haƙuri da Baban Hajara, shi ka saba ji.

Tun ranar da aka dawo da kai daga hanyar Mashegu, kai a bayan mota, babur ɗinka a wata motar, ban yi kuka ba. Mata sun zo sun yi nasu, suna satar kallona. Inna ta gaya musu tawakkali ne. Ba tawakkali ba ne, Baban Hajara, ni na san kaina. Ban dai jin komai ne, kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta. Na yi takaba, na fita, na koma aiki. Ina dafa abinci, ina ci, ina gaida mutane, suna cewa na yi ƙoƙari.

Hajara ta shiga firamare. Wata rana ta dawo, tana cire takalmi, ta tambaye ni yadda fuskarka take, wai ƙawarta ta kawo hoton babanta aji. Na ce bari in ɗauko mata. Na shiga ɗakinka da ƙarfin gwiwa, tunda ai gidan mai hoto ne.

Ka san abin da na tarar, kai ka tara shi. Kaska a kunnen saniya. Tsutsa a cikin karan masara. Ƙwaron da ke huda wake, an kusanto shi har ana ganin gashin ƙafarsa. Akwati bayan akwati na silaid, waɗannan guntayen fim da kake sa wa firam ɗin kwali, duk na aikin ofishin gona. Na duba na gida, ko a dace. Ranar sallah ka ɗauki lallen da ke yatsana, ban da ni. Ka ɗauki zaren hular ɗan'uwanka Yaya Isa, ban da Yaya Isa. Ranar sunan Hajara, kunnenta kawai ka samu. In na yi maka mita sai ka ce, “Fuska kowa yana ganinta. Ni abin da ba a gani nake ɗauka.” To, ga shi yanzu taka ce ba a gani.

Hoto ɗaya ne naka, na katin aiki, wanda aka ɗauka tun ba ka da gemu. Hatimi ya cinye rabinsa, zufar aljihu ta cinye saura. Na nuna mata, ta duba, ta miƙo mini.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne ni ma fuskar tana zille mini. In na rufe ido ina ganin hularka, ina ganin kunnenka na hagu, ina ganin hannunka yana murza gilashin kyamara. Sun ƙi haɗuwa wuri guda.

Da damina ta yi nisa na lura fumfuna ta fara shiga akwatunan. Na riƙa fito da silaid ɗin ɗaya-ɗaya ina gogewa, ina ɗagawa wajen taga ina dubawa da ɗan madubinka mai ƙara girma. A nan na ci karo da wanda ka ɗauka a makiyayar Bobi.

Ka tuna ranar? Ka tafi da ni don babu mai riƙe maka tire. Kullum haka kake yi, a tsaya a bayanka da tiren shayi a karkata hasken rana ya faɗa kan abin da za ka ɗauka. Ardo ya kayar da wani jan maraƙi ya danne wuyansa, kai kuma ka durƙusa a cikin kashin shanu da wandonka na zuwa ofis, saboda wata kaska da ta maƙale a fatar idonsa. Ka ce mini kada in motsa, kada in yi numfashi. Sannan ka juya ka ce wa Ardo ya gaya wa maraƙin da Fillanci shi ma kada ya yi.

A hoton, idon maraƙin ya cika rabin fim, baƙi wul, yana sheƙi. A tsakiyarsa akwai wani ɗigo mai siffar mutum a durƙushe. Na daɗe ina kallonsa. Kai ne, ba ko shakka, amma bai kai ƙwayar gero ba.

Na sa shi a sikana, na'urar nan da ke kwashe hoto daga fim ta zuba a kwamfuta. In na kwashe shi ƙarami, tsohuwar kwamfutarka ta buɗe, amma da na ƙara girma sai ka tarwatse ka zama 'yan murabba'ai. In na ce ta kwashe shi da cikakken girmansa, sai ta hau gurnani, ɗan agogon yashin nan ya fito ya tsaya. In ɗora tukunya, in sauke, yana nan. Wata rana ta sandare, wata rana a ɗauke wuta. Na yi ta yi har damina ta kusa ƙarewa. Fumfunar kuwa ba ta jira ba, ta taso daga kusurwar fim ɗin kamar saiwar ciyawa, ta nufi wajen idon.

Yaya Isa bai so in sayi sabuwar kwamfuta ba da farko. Ya ce addu'a kake buƙata, ba hoto ba, kuma gaskiya ya faɗa. Na ce masa ofis sun yarda su ba ni aikin kwashe duk silaid ɗinka kafin su lalace, saboda makiyaya da manoma har yanzu da su ake koya musu, kuma wannan tsohuwar ba za ta iya ba. Wannan ma gaskiya ne. Ya kalle ni irin kallon da kake yi mini in ka gane ni, ya ce in shirya, shi zai raka ni. Na naɗe sikana a zane, na sa silaid ɗin a cikin jakata.

Mai shagon a Kaduna Bayarabe ne, dattijo, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan garinmu. Ya fara nuna mana wata kyakkyawa, fara tas, da sifika biyu a gefe, ya sa mata faifai ta kama kiɗa. Yaya Isa har ya gyara tsayuwa. Ni kuwa muryarka nake ji, ranar da ka zaunar da ni kana koya mini abin da ban tambaya ba. Ka ce rumbun kwamfuta daban, ram ɗinta daban. Rumbu wurin ajiya ne, ram kuwa tabarmar shanya ce, in ta yi ƙanƙanta sai an riƙa shanya hatsin kaɗan-kaɗan ana kwashewa, shi ya sa taka take wuni a kan hoto ɗaya. Lokacin ina tsince shinkafa, na ce maka to. Ashe ya zauna.

Na kuma tuna abin da kake faɗa duk sanda za ka sayi wani abu: “Kada ki yarda da abin da aka rubuta a kwali. Ki ba ta aikin da ya fi wuya, ki tsaya ki gani.” Na kwance zanen, na ce wa dattijon da wannan hoton nake so a gwada. Bai yi musu ba, ko da yake sai da ya buɗe cikin kowace ya dasa mata katin sikana, yana zufa, yana cewa bai taɓa ganin mai sayen kwamfuta da maraƙi ba.

Mai kiɗan ta kai rabi ta tsaya. Ta biyu ta buɗe, amma allonta ƙarami ne kuma ba ya rarrabe duhu da duhu, idon ya fito kamar an ɗiga kwalta. Ta uku tana can ƙasan kanta, ba kyau ba ado, launinta kamar tsohon bango. Ya ƙara mata ram har ta cika, ya haɗa ta da wani ƙaton allo da sai mutum biyu suke ɗagawa. Hoton ya fara saukowa layi-layi. Na ga gashin idon maraƙin ya fito ɗaya bayan ɗaya, na ga ƙafafun kaskar. Dattijon ya kai hannu zai ƙara girma, na ce masa ya isa, ita nake so. Ban yarda in gan ka a shago ba, a gaban mutane, ana kiɗa.

Ya ba ni shawara in haɗa da sitabilaiza da batirin riƙe wuta, saboda ya san halin wutarmu. Na haɗa. Da kuɗin sallamarka na biya, in ka ga ɓarna ce ka yafe mini. A mota allon ya ƙi shiga but, na rungume shi a cinya tun daga Kaduna har Tegina, har gida. Ƙafafuna suka mutu, ban damu ba, na saba.

Ta yi kwanaki a ɗakinka a rufe da zanen gado. Kullum in ce gobe. Ina share ɗakin, ina zagaye ta.

Ranar Juma'a Hajara ta dawo daga makaranta da wuri, akwai wuta, Inna ta tafi barka. Na kira ta na ɗora ta a cinya, na ce za mu ga Baba. Hoton ya buɗe ba gurnani ba jira. Na fara da kaskar, don in ja lokaci. Ka iya aikinka, Baban Hajara, har tsagar bayanta ana gani. Sannan na matsa kan idon, na ƙara girma, na ƙara, na ƙara. Wannan karon ba ka tarwatse ba.

Ga ka nan a durƙushe. Ga hular ka tura ta ƙeya. Ga gwiwar hannunka ka kafa a kan cinya, ga kunnen hagu. Ga kyamara ta rufe fuskar gaba ɗaya.

To, me nake tsammani dā? Mai ɗaukar hoto ai a bayan kyamara yake. Yaro ma ya san wannan. Ni da na tsaya a bayanka da tire sau ba adadi, na je har Kaduna na dawo ban tuna ba ko sau ɗaya. Ina jin Yaya Isa ya tuna, ya dai yi shiru ya raka ni. Na zauna ina kallon baƙin gilashin da ke inda fuskarka ya kamata ta kasance, ban ji komai ba, sai nauyin yarinyar a ƙafata.

Ita kuwa ta ɗora yatsa a kan allon ta ce, “Ga Baba.” Ba ta yi ko tantama ba. Ashe haka ta san ka, mutum mai hula da kyamara a fuska, yana ce mata kada ta motsa.

Sai ta zame yatsan sama kaɗan, bayan kafaɗarka. Akwai wata mata a tsaye, ta ɗaga tire yana walƙiya, mayafinta ya zame, ta karkata kai, bakinta a buɗe har ana ganin haƙora. Ba maraƙin take kallo ba, kai take kallo. Hajara ta ce, “Wace ce wannan mai dariya?”

Na ce ni ce. Ta dubi allon, ta juyo ta dube ni, ta sake duban allon. Ta ce, “Ba ku yi kama ba.” Ta sauka ta tafi wasanta.

Ban san haka nake kallonka ba. Kai ma ba ka sani ba, idonka yana kan kaska. Maraƙin Ardo ne kaɗai ya gani, ya kuma ajiye mana.

Fuskarka dai ban same ta ba, kuma na daina nema. Na kwashe hoton na adana kafin fumfunar ta iso, gobe zan fara sauran akwatunan, daga na garin Kaboji. Kwamfutar tana da kyau, da ka yaba. Amma tun ranar Juma'ar nan wani abu yake damuna. Ka san yadda ƙafar da ta mutu take yi in jini ya fara komawa, tsikari ko'ina, mutum ya rasa inda zai sa ta. Haka ƙirjina yake yi. Jiya ina wanke tiren nan sai na ga ruwa yana ɗiga a kansa, ba daga buta ba. Inna ta leƙo, ta gani, ta ja mini ƙofa. Ciwo ne sosai, Baban Hajara. Na yi kewarka, yau na iya faɗa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka fiye da yadda na taɓa haskaka maka da tire. Allah Ya raya mana Hajara, Ya sa ta ga dariyata da idonta, ba a idon maraƙi ba. Ya kuma haɗa mu a inda babu abin da zai rufe fuskarka, amin.

Ni ce taka mai riƙe tire,
Maman Hajara